Tsakanin "koma ka rama" da "ƙyale shi": yaro da abokin karawa mai zafin kai

Shawara biyu ce kawai yawancinmu, iyaye da malamai, muke ajiye da ita don ranar da yaro zai zo da ƙarar wanda ya fi shi zafi. Uba ya ce, "Kai ba namiji ba ne? Koma ka rama." Uwa ta ce, "Yi haƙuri, ƙyale shi, Allah ya fi shi." Malami kuma ya ɗauki ɗaya daga ciki, gwargwadon gajiyar da ya kwaso a ranar. A ganina duka biyun kyauta ce muke miƙa wa mai zafin kan. Idan yaron ya rama da irin zafinsa, ya shiga fagen da wancan ya fi shi sani. Idan ya ƙyale, ya biya kuɗin fito, kuma gobe za a dawo karɓar wani. Akwai hanya ta uku, ana iya koyar da ita kamar yadda ake koyar da lissafi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga yaranmu sun fara nemanta a wurin da bai kamata ba, wato kan tabarmar karta da cikin wayar hannu.

A nan Gabi, kamar sauran garuruwan yankin Madarunfa, duk wanda ya zaga fadojin matasa bayan la'asar ya san karta ta zauna. Ana dafa shayi ana buga belot, waɗanda suka yi ci-rani ta wajen Jibiya da Katsina sun dawo da Whot, wasu kuma sun sauke wasannin karta a waya suna karawa da mutanen da ba su taɓa gani ba. Cikin waɗannan akwai wasan Amurkawa da ake kira foka. Caca ce, ba ni da wani suna da zan ba ta, kuma hukuncin caca a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida ba ya buƙatar fassarata. Zan zo kan dalilin da ya sa ko babu wannan hukunci ba zan bar ɗana ya zauna a kanta ba. Amma gaskiya ɗaya ce: babu mutanen da suka zauna suka yi wa matsalar abokin karawa mai zafin kai lissafi dalla-dalla kamar 'yan foka, domin su kuskure kuɗi yake ci musu. Malami yana iya ɗaukar lissafin ya bar musu cacarsu.

Ga yadda wasan yake, a taƙaice. Karta 52 ce. A nau'in da ya fi yaɗuwa, ana ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya, kowa ya haɗa da nasa. A kowane mataki mutum yana da zaɓi: ya zuba kuɗi, ya biya abin da wani ya zuba, ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya fita. Sirrin wasan shi ne ba dole sai kartarka ta fi kyau za ka ci ba. Idan ka zuba kuɗi kowa ya tsorata ya fita, abin da ke tsakiya naka ne, ba wanda zai ce ka nuna hannunka. Daga nan ne ake samun irin mutumin da muke magana a kansa: kusan kowane zagaye yana ciki, kusan kowane mataki yana ƙara kuɗi, yana surutu, yana tsokana, yana sa kowa ya ji kamar zama kusa da shi hatsari ne.

To, 'yan lissafi suka tambaya: sau nawa karta mai kyau take zuwa hannun mutum? Samun biyu iri ɗaya tun farko sau ɗaya ne cikin 17. Samun as biyu, wato hannun da ya fi kowane, sau ɗaya ne cikin 221. Wanda kuma aka ba shi biyu mabambanta, idan aka buɗe ukun farko, kusan sau biyu cikin uku babu wadda za ta dace da tasa. Karta ba ta san mai zafi ba, ba ta san mai sanyi ba, haka take raba wa kowa. Saboda haka wanda ke kai hari a zagaye takwas cikin goma, ba sai ka leƙa hannunsa ba, ka riga ka san yawancin lokaci babu abin kirki a ciki. Abin da yake sayarwa tsoro ne.

Ga farashin tsoron. A ce akwai jika ɗaya a tsakiya, ya zuba jika ɗaya a kai. Ya sa jika ne don ya ci jika. Idan kana guduwa fiye da rabin lokaci, yana cin riba ko da takardar banza ce a hannunsa. Kai kuma da aka ce ka biya jika ɗaya don ka ci biyu, ko sau ɗaya cikin uku kake yin nasara ba ka yi asara ba: ka rasa ɗaya, ka rasa ɗaya, ka ci biyu. Wannan lissafi ɗan aji shida na firamare zai iya yin sa a allo. Ma'anarsa kuwa babba ce. Mai zafin kai ba da ƙarfinsa yake ci ba, da yawan gudun mutane yake ci. Ranar da aka samu wanda ya rage gudu kaɗan, ribar ta koma asara, ba tare da an ɗaga murya ba.

Shawarwarin da gwanayen wasan suke bayarwa daga nan suka fito. Kada ka yi ƙoƙarin tsorata shi da hannun banza, domin shi ba ya gudu, kuɗinka kawai za ka ƙara masa. Kada ka shiga kowane zagaye don haushi, ka zaɓi wanda za ka shiga, amma idan ka shiga da abin kirki ka tsaya har ƙarshe. Ka nemi zama a inda zai riƙa yin magana kafin kai, don ka ga abin da ya yi kafin ka yanke shawara. Mafi wuya a cikinsu ita ce wannan: ranar da hannunka ya yi ƙarfi, kada ka nuna. Ka bar shi ya ci gaba da zuba kuɗin da kansa. A gasar duniya ta foka, wadda aka fara a Las Vegas a 1970, an ga haka a zagayen ƙarshe na 1988. Johnny Chan ya haɗa karta biyar a jere tun buɗin farko. Erik Seidel, wanda a lokacin sabon shiga ne a gasar, ya ƙara kuɗi, Chan ya biya kawai ya yi lamo. Da aka buɗe ta ƙarshe sai Seidel ya tura duk abin da ke gabansa, Chan ya amsa, ya ɗauki kambun karo na biyu a jere.

Duk wanda ya taso a ƙasar Maraɗi zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma ya yi gaskiya. Mun san shi a fagen kokawa. Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe, har ga shi yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, 'yan Nijar suke kallon wannan darasi kusan kowace shekara. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa goma, takobi ɗaya. Ku tuna irin ɗan kokawar da ke shigowa da gudu tun alƙali bai gama busa usur ba. Nauyinsa duk ya tafi gaba, ƙafafunsa sun biyo baya. Wanda ya tare shi ƙirji da ƙirji ya ba shi abin da yake so. Wanda ya yi ta ja da baya kuma zai kai bakin buhunan da ke kewaye fagen. Gwani yakan sunkuya, ya riƙe, ya saurari inda nauyin ya karkata, sai taɗiya ɗaya ko ɗan juyi, mutum ya je ƙasa da ƙarfin da shi ya kawo. Kallon Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobi sau da yawa, ya nuna mini cewa abin da ya fi ƙarfin damtse muhimmanci shi ne sanin daƙiƙar da za a kai hannu.

Haka Muhammad Ali ya yi wa George Foreman a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba, 1974. Foreman yana da shekara 25, Ali yana da 32, kuma kowa ya san wanda ya fi ƙarfin naushi. Ali ya jingina da igiya, ya kare fuska, ya bar saurayi ya yi ta duka har hannu ya yi nauyi, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Sai dai masu ba da labarin sukan manta su ce Ali ya sha duka a jikinsa kafin a kai turmi na takwas ɗin. Jira yana da nasa kuɗin, kuma yaro ya kamata ya san haka tun farko.

A nan nake so mu tsaya a kan kalmar haƙuri, domin ita ce ta fi rikita mana tarbiyya. Abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai haƙurin wanda ya runtse ido yana jiran abu ya wuce. Akwai kuma haƙurin wanda idonsa ke buɗe, yana ƙirga, yana jiran lokacinsa. Idan muka ce wa yaro "yi haƙuri", na farkon yake ji, domin ba mu taɓa nuna masa na biyun ba. Wasannin da na ambata duk sun bambanta su, kuma suna hukunta na farkon. A kokawa, wanda ya ƙi kamawa ya yi ta zagaye alƙali yana ba shi gargaɗi, kuma gargaɗi yana iya kayar da mutum ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba. A foka akwai kuɗin dole da ke zagayawa kan kowa, ko ka buga ko ba ka buga ba, don haka wanda ya ce sai as biyu sun zo zai shiga, kuɗinsa zai ƙare yana zaune. 'Ya'yanmu mata su suka fi shan haƙurin runtse ido. Tun tana aji ɗaya ake gaya mata ta bar wa namiji, ta bar wa babba, ta bar wa mai faɗa, sannan bayan shekara goma sha biyar mu yi mamakin yadda ta kasa buɗe baki a gaban mai cin haƙƙinta a kasuwa ko a gidan aure.

Kada kuma a fahimce ni cewa zafi laifi ne. Manyan 'yan foka, irin su Doyle Brunson, sun yi suna ne da kai hari, kuma tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna da lissafi cewa wanda ba ya taɓa yin barazana da hannu mara ƙarfi shi ma ana gane shi, a ci shi. Matsalar tana ga wanda ba shi da wata dabara sai harin. Yaro mai ƙarfin zuciya ni'ima ce a aji. Shi ne ke ɗaga hannu, shi ne ke fita allo. Malamin da ya kashe masa wannan da bulala ya yi ɓarna. Aikinmu shi ne mu haɗa shi da wanda ba ya gudu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a ɗauki lissafin a bar cacar. Duk dabarar da na bayyana tana aiki ne a kan dogon zango, ga wanda zai iya faɗuwa ya tashi sau da yawa. As biyu, hannun da babu kamarsa, idan ya kara da kowane irin hannu har ƙarshe, yana ci ne kusan sau 85 cikin 100. Wato sau 15 yana faɗuwa. Ka yi komai daidai, ka jira, ka karanta mutum, ka kama shi da hannun banza, karta ta ƙarshe ta faɗo ta ba shi nasara. Idan da tsakuwa ake buga wasan, sai a yi dariya a sake rabawa. Idan da kuɗi ne, tambayar ita ce wa ke da abin sake zama. Saurayin da ya zo da jika biyu na kuɗin kabu-kabun yini, ko na tiyar waken da ya ɗiba a rumbu, faɗuwa ɗaya ta tashe shi. Wanda ya zo da jika hamsin yana iya yin wauta sau goma yana nan zaune. A kan tabarmar caca, zafin mai kuɗi ba wauta ba ce, dabara ce mai aiki, domin talaka ba zai kai zagayen da lissafi zai rama masa ba. Ga kuma mai gida, ko mai tabarma ne ko kamfanin da ke cikin waya, yana yankar kasonsa a kowane zagaye, ko wa ya ci.

Ko gwanin ma bai tsira ba. Stu Ungar, wanda da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin ɗan karta kamarsa ba, kuma mai zafin hari ne na gaske, ya lashe gasar duniya a 1980 da 1981 da 1997. A ta ƙarshen ya karɓi dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, babu wata dukiya da ya bari. Cacar wasanni da ƙwaya sun cinye abin da karta ta kawo. Na kawo shi ne saboda matasanmu da ke cewa su sun iya, su ba sa'a suke bi ba, ilimi ne. Ba su kai shi iyawa ba.

Wani abu kuma da 'yan foka suka sani sarai shi ne babban makamin mai zafin kai ba kuɗin da yake zubawa ba ne, haushin da yake cusa maka ne. Ya ci ka sau biyu da hannun banza, ya nuna maka, ya yi dariya. Daga nan ka daina lissafi, ka fara neman fansa, ka koma irinsa ba tare da ka iya ba. Wannan shi ne "koma ka rama" na uba, kuma a caca shi ne ƙofar bashi. Na san wani saurayi, tsohon ɗalibina, mai hankali a aji, da ya sayar da tunkiyar da mahaifiyarsa ta ba shi kiwo, ba don yana tsammanin arziki ba, sai don wani ya yi masa dariya a gaban abokai kuma ya rantse sai ya ga bayansa. Dara ta ci gida. Hukumar Hisba a Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, kuma na fahimci dalilinta, amma shagon da ke cikin aljihun yaro ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Abin da za mu iya sa masa shi ne sanin yadda ake ja masa rai, da yadda zai gane lokacin da aka fara.

A ina zai koyi wannan ba tare da ya yi asarar tunkiya ba? Amsata ita ce dara, kuma ina mamakin yadda muka bar wa tsofaffin gindin bishiya ita kaɗai. Gurbi 30 a ƙasa, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ba a sayen komai. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. Bayan an gama sai a fara matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya jera uku ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Yaro mai gaggawa a dara nan take ake gane shi. Yana ganin damar ci sai ya ruga, ya ci ɗaya, ya buɗe gidansa. Mai natsuwa yana iya barin a ci masa ɗaya ko biyu yana gina abin da 'yan dara ke kira doki, wato tsarin da kowane motsi ci ne, ka matsa nan ka ci, ka dawo ka ci. Ranar da yaro mai zafi ya ga an hau masa doki, yana kallo ana kwashe 'ya'yansa ɗaya-ɗaya ba abin da ihu zai yi masa, ya koyi abin da wa'azin wata guda ba zai koya masa ba. Kuma a dara babu karta ta ƙarshe da za ta faɗo daga sama ta ceci mai wauta. Komai a buɗe yake, wanda ya fi tunani shi ke ci, shi ya sa darasin yake zama.

Abin da nake yi, kuma nake ba 'yan'uwana malamai shawara su gwada, ba shi da wuya. A lokacin hutun safe a haƙa gurabe a inuwa, gida uku ko huɗu. Malami ne zai haɗa masu karawa, kada a bar yara su zaɓa, domin mai zafi kullum mai tsoro yake zaɓa, a nan yake samun abincinsa. A haɗa shi da yarinyar nan mai shiru da ke zama a layin baya tana cin lissafi. A bar su. Bayan wasa a tambayi wanda ya faɗi, a gaban kowa amma ba da wulaƙanci ba: a wane motsi ne wasan ya kuɓuce maka? Yawanci zai nuna motsin ƙarshe. Sai a mayar da 'ya'yan a nuna masa cewa tun motsi biyar baya ne, lokacin da ya ruga cin ɗa guda. Haka ma mai tsoro, a nuna masa inda ya tsaya tsaron gidan da ba wanda ke nema, ya bar damarsa ta wuce. Kokawa ma haka, a kan rairayi, malami yana alƙali, sa'a da sa'a, da doka cewa wanda aka kayar zai faɗi abin da ya kayar da shi kafin ya fita fage.

Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da ƙara, kafin a ce rama ko ƙyale, a yi masa tambaya uku ko huɗu. Me yake yi kullum kafin ya fara? Wa yake yi wa, wa yake bari? Me yake samu idan ka gudu? Ranar da wani ya tsaya, me ya faru? Yaron da ya iya amsa waɗannan ya riga ya fita daga tsoro ya shiga kallo, kuma sau da yawa da bakinsa zai gano cewa wancan ba ya taɓa wane da wane, ba don sun fi shi ƙarfi ba, don dai ba sa ba shi abin da yake nema.

Akwai iyaka, kuma dole in faɗe ta da ƙarfi, domin na san wasu malamai za su so wannan magana saboda ta sauke musu nauyi. Duk abin da na ce yana aiki ne inda akwai doka, akwai alƙali, kuma ƙarfi ya yi kusa da juna. Ɗan shekara 14 da ke ƙwace wa ɗan shekara 8 kuɗin ƙosai a bayan aji ba abokin karawa ba ne, azzalumi ne, kuma ba aikin ƙaramin ba ne ya karance shi. Aikin malami ne da darakta da iyayen babban. A fagen kokawa na ƙauye ma ba a sa yaro ya kama da ƙato. Wanda ya ce wa ƙaramin "koyi dabara" a irin wannan hali ya gudu ne daga aikinsa. Haka nan, mu da muke zaune kusa da dajin Babban Rafi da bakin iyaka, mun san wani irin mai zafin da ke zuwa da dare da bindiga. Kada wani ya ɗauki misalin karta ko dara ya kai can. Wannan ba wasa ba ne, babu alƙali, kuma maganarsa ta hukuma ce.

Za a ce mini lokacin karatu bai isa ba, ga aji mai yara fiye da kujeru, ina za a sa dara. Ban nemi awa ɗaya daga jadawali ba, hutun da yara ke yi suna jifan juna nake nema. Za a kuma ce dara ma ana caca da ita. Haka ne, ana caca da ƙwallo ma, har da kokawar kanta, ba mu hana yara su ba. Abin da ke mayar da wasa caca shi ne kuɗin da aka ɗora, kuma a farfajiyar makaranta malami ne ke da ikon cewa ba a ɗora ko da alewa ba. Waɗanda ban san yadda zan kai gare su da wannan hanya ba su ne samarin da suka riga suka bar makaranta, suna fada da waya a hannu. Su sai dai yayyensu da limamai da masu unguwa, kuma zan so a fara da yi musu lissafin jika biyu da jika hamsin ɗin nan a fili, domin na lura wanda ya toshe kunne ga wa'azi yakan saurari lissafin kuɗinsa.

Gasar takobi takan zo ne bayan an gama kaka, wajen ƙarshen shekara, kuma Télé Sahel tana nuna ta kai tsaye, rediyo ma yana watsawa. Ga aikin gida da nake roƙon malaman manyan azuzuwa su bayar a bana. Kowane ɗalibi ya zaɓi karawa goma, ya ja layi uku a littafinsa: wanda ya fara kai hari, wanda ya samu gargaɗi, wanda ya yi nasara. A kawo aji a haɗa na kowa a allo, a fitar da kaso cikin ɗari. Ba zan gaya musu amsar da nake tsammani ba, kuma ina roƙon ku ma kada ku gaya musu. Wanda ajinsa ya yi, ya aiko mini da abin da suka samu, da sunan garin, mu jera na Gabi da na Safo da na Ɗan Isa mu gani.